Rufin Faifai Ba Rufin Asiri Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu tun daga lokacin da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, wadda a ganina ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira tun ba ta jawo wa wani daga cikinmu da-na-sani ba. Ɗabi'ar kuwa ita ce ta ɗaukar hoton takarda ko na wata hira, a sa ɗan yatsa a shafa wa wani sashe nasa baƙi, sa'an nan a sake shi duniya da zaton an rufe abin da ya kamata a rufe. Wanda ya sami gurbin karatu sai ya ɗauki hoton takardar, ya shafe lambarsa, ya baza don abokai su taya shi murna. Wanda ya biya kuɗin makaranta sai ya nuna rasiɗi, ya ɗan dusashe lambar asusunsa. Ɗalibar da wani ya addaba da saƙonnin banza sai ta ɗauki hoton hirar, ta rufe sunanta, ta miƙa wa waɗanda take fatan su bi mata hakkinta. Mujallu irin wannan ma ba a bar su a baya ba, domin akan buga hoton taro ko na takardar koke bayan an ɓoye fuskar wani ko sa hannunsa.

Niyyar duk mai kyau ce. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake yin aikin. Ra'ayina shi ne, in dai har abu ya cancanci a ɓoye shi a cikin hoto, to hanya ɗaya ce tak abin dogara: a umarci kwamfuta ta zubar da abin da ke wurin, ta cike gurbinsa da baƙi ƙirin, sa'an nan ta fitar da sabon hoto wanda bai gaji kome daga tsohon ba sai abin da ido ke gani. Sauran dabarun duka, da hazo-hazo, da murɗa fuska, da jan layi da alƙalamin waya, wasa ne da mutuncin mutane.

Kafin mai karatu ya ce na cika baki, bari mu fara duba ko mene ne hoto a wurin kwamfuta. Hoton da ke cikin waya lissafi ne zalla. Ka ƙaddara wata tabarma ce da aka saƙa da ƙananan gidaje, layi bisa layi, kowane gida ɗigo ɗaya. Wayoyi da yawa sukan ɗauki hoto mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, watau ɗigo miliyan 12 ke nan. Kowane ɗigo kuwa lambobi uku ne ke riƙe da launinsa, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kowace kuma tana tsakanin 0 da 255. In duka ukun suka kai 255, ɗigon ya zama fari fat. In ta farko ce kaɗai ta cika, sauran biyun suna sifiri, ya zama ja wur. In kuwa duka ukun sifiri ne, babu haske ko ƙanƙani, shi ne baƙi ƙirin. Ashe ke nan fuskar abokinka da kake kallo a waya jerin lambobi ne har miliyan 36, kuma baƙanta wani sashe na hoton ba kome ba ne illa mayar da lambobin wurin sifiri.

Aikin ba shi da wuya ko kaɗan. Ɗalibin da ya yi zangon karatu ɗaya yana koyon harshen Python, in yana amfani da kayan lissafin nan da ake kira NumPy, layi ɗaya ya ishe shi:

hoto[200:260, 80:500] = 0

Ma'anar wannan ita ce, daga layi na 200 zuwa na 259 a kwance, kuma daga ginshiƙi na 80 zuwa na 499 a tsaye, duk ɗigon da ya faɗa cikin wannan fili a mayar da shi sifiri. Ɗigo 25,200 ke nan suka baƙanta kafin ƙiftawar ido. Ana fara ƙirga daga kusurwar sama ta hagu, kuma layi ake fara ambata kafin ginshiƙi, abin da yakan rikita sabon shiga har baƙin ya faɗa a kafaɗa alhali fuska aka nufa. In wurin da za a rufe ba mai kusurwa huɗu ba ne, sai a zana wata taswira daidai girman hoton, a sa 1 a duk inda ake son bari, a sa 0 a duk inda ake son kashewa, a ninka hoton da ita.

A nan ne hikimar take, kuma lissafin firamare ne. Kowace lamba ka ninka da sifiri, sifiri za ta ba ka. In na ce maka na ninka wata lamba da biyu na sami 80, nan take za ka ce 40 ce. In kuwa na ce na ninka ta da sifiri na sami sifiri, ko shehin malamin lissafi ne kai ba ka da hanyar sanin lambar da na fara da ita. Ɗigon da aka mayar sifiri ya manta da abin da yake ɗauke da shi har abada, kuma babu gwanin da zai tuna masa.

To, ina matsalar take, tun da abin da sauƙi haka? Matsalar ita ce, yawancin abin da muke kira shafewa rufewa ce kawai. Uwargida in ta rufe ƙwaryar fura da faifai, baƙo ba ya ganin furar, amma furar tana nan, kuma duk yaron da ya iya ɗaga faifai ya sha. Manhajoji da yawa haka suke yi: suna ajiye rubutun ko hoton a ƙasa yadda yake, su ɗora wani baƙin akwati a kansa a matsayin abu na dabam. Ido yana ganin baƙi, kwamfuta kuwa tana ganin abu biyu, na sama da na ƙasa.

Kada wani ya zaci ƙananan mutane irinmu ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. A shekarar 2000 jaridar New York Times ta Amurka ta sa wani rahoton asiri na hukumar leƙen asiri ta CIA a intanet, wanda ya ba da labarin juyin mulkin da aka yi wa Firayim Minista Muhammad Musaddik na Iran a 1953. Jaridar ta rufe sunayen Iraniyawan da suka taimaka wa juyin, don kada a bi iyalansu da ramuwa. Sai wani mutum mai suna John Young, mai shafin Cryptome, ya buɗe takardar a wata kwamfuta mai nawa. Saboda nawar tata, sai ta fara nuna shafin da sunayen a fili, sa'an nan daga baya baƙaƙen akwatunan suka sauko suka rufe su. Ka ji faifai. Jinkirin tsohuwar na'ura kaɗai ya isa ya ɗaga shi.

Bayan shekara biyar aka sake kwatawa, wannan karon kuwa rundunar sojan Amurka ce da kanta. Ranar 4 ga Maris 2005 sojojinta suka buɗe wuta a kan wata mota a hanyar filin jirgin saman Bagadaza, suka kashe Nicola Calipari, babban jami'in leƙen asirin Italiya, wanda ya karɓo 'yar jarida Giuliana Sgrena daga hannun waɗanda suka yi garkuwa da ita. A ƙarshen Afrilu rundunar ta fitar da rahoton bincikenta, an baƙanta wurare masu yawa. Masu karatu a Italiya ba su yi wani tsafi ba: kwafe rubutun suka yi, suka zuba shi a sabon shafi, sai ga kome ya fito, har da sunayen sojojin da ke shingen. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, suka shigar da takarda kotu da irin wannan rufi, 'yan jarida suka kwafe, duniya ta karanta cewa ana zarginsa da miƙa bayanan jin ra'ayin masu zaɓe ga wani abokin hulɗarsa, Konstantin Kilimnik. Kamfanin Sony kuwa, a shari'ar da aka yi tsakanin hukumar ciniki ta Amurka da kamfanin Microsoft a 2023, takardarsa da alƙalamin tawada aka shafe ta, da aka ɗauki hotonta sai lambobin suka leƙo ta ƙarƙashin tawadar, kowa ya ji cewa wasannin kwamfuta biyu sun ci masa dala miliyan 212 da miliyan 220. In manyan lauyoyi da janar-janar sun yi tuntuɓe a nan, ina ga ɗalibin da ke shafa da ɗan yatsa a cikin motar haya?

Alƙalamin waya ma da nasa ciwon. Wasu daga cikin alƙaluman da wayoyi ke bayarwa don zane a kan hoto an yi su ne don haskaka rubutu, saboda haka tawadarsu shara-shara ce. Ka shafa sau uku ko huɗu, idonka ya ga baƙi, alhali a lissafi ɗigon da ke kan harafi yana 3, na gefensa yana 9. Ido ba ya rarrabe 3 da 9 a cikin 255, amma duk wanda ya ƙara wa hoton haske ya rarrabe, sai ga lambar asusunka tana murmushi. Kusa da sifiri ba sifiri ba ne.

Sai mu zo kan hazo, wanda ya fi kowace dabara farin jini saboda ya fi kyan gani. Dusashe hoto, ko mayar da fuska dara-daran murabba'ai kamar gidan dara, lissafi ne na matsakaici: a tara lambobin ɗigogin da ke maƙwabtaka, a raba, a ba kowa sakamakon. Labarin bai tafi ko'ina ba, an dama shi ne kawai, kuma abin da aka dama da ƙa'ida ana iya bin sawunsa. Wani ɗan ƙasar Kanada mai lalata da yara ya riƙa sa hotunansa a intanet bayan ya murɗe fuskarsa kamar guguwa. Ƙwararrun 'yan sandan Jamus suka warware murɗin, hukumar Interpol ta watsa fuskar, aka kama shi a ƙasar Tailan cikin watan Oktoba na 2007. A nan mun ce madalla, mugu ne ya shiga hannu. Amma dabarar da ta tona asirin mugu ita ce za ta tona na mai gaskiya, domin lissafi bai san na kirki ba, bai san na banza ba.

Rubutu ya fi fuska sauƙin ganowa. A Fabrairun 2022 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Dan Petro na kamfanin Bishop Fox, ya fitar da wata manhaja da ya kira Unredacter. Aikinta shi ne ta ƙaddara harafi, ta dusashe shi kamar yadda aka dusashe na asali, ta gwada, in bai yi daidai ba ta ɗauki na gaba, har ta karanta kalmar duka. Shawarar da ya bayar bayan wannan ita ce a bar hazo a koma wa baƙin akwati. Ka tuna kuma cewa lambar zama ɗan ƙasa da lambar tantancewa ta banki da muke ɗauke da su kowace alƙaluma 11 ce, kowane gurbi kuwa abu goma ne kawai zai iya zama. Ga kwamfuta wannan bai kai aikin karin kumallo ba.

Kada kuma a ɗauka cewa da an rubuta sifiri an gama. Baƙi na gaskiya ma yana da sharuɗɗa, kuma nan ne nake son 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta su buɗe kunne, domin su ne za a tambaya.

Wasu hotuna ɗigonsu lambobi huɗu ne ba uku ba, ta huɗun tana faɗin ko ɗigon yana ganuwa ko gilashi ne. Mai gaggawa yakan kashe ta huɗun kaɗai, wurin ya ɓace wa ido, alhali launukan uku suna kwance a ƙasa ba abin da ya taɓa su. Wannan faifai ne da aka saƙa da lissafi. Daidai shi ne a mayar da launukan uku sifiri, a bar ta huɗun a cike.

Girman akwatin ma yana magana. A 2004 fadar shugaban Amurka ta saki wata takardar bayanan asiri da aka ba Shugaba George W. Bush ranar 6 ga Agusta 2001, an baƙanta wasu kalmomi. Masana biyu, David Naccache da Claire Whelan, suka auna tsawon wani baƙin gurbi, suka gwada shi da faɗin haruffan kalmomin ƙamus, suka tace da nahawu da ma'ana, suka nuna cewa kalmar da ta fi dacewa da wurin ita ce mai nufin ƙasar Masar. Ba su ga ko ɗigo ɗaya na abin da ke ƙasa ba, tsawon kabarin ne ya gaya musu tsawon mamacin. To, in a ajinku mutum uku ne suka sa hannu a takardar koke, ɗaya sunansa Ali, ɗaya Abdurrahman, akwatin da aka yanka daidai wa daida ya riga ya kira suna. Sai a yi akwatin da fāɗi, a kuma yi su duka girma ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya cikin ɗigogin sam. Fayil ɗin hoto kamar jakar matafiyi yake, ban da hoton akwai wasu 'yan takardu a aljihunsa: ranar da aka ɗauka, irin wayar, wani lokaci da daidai wurin da aka tsaya, wani lokaci ma da ɗan ƙaramin kwafin hoton na asali. A Disamban 2012 attajirin nan John McAfee yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz, 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet, aljihun hoton ya faɗa wa duniya cewa yana Gwatemala. A Maris 2023 kuma masu bincike biyu, Simon Aarons da David Buchanan, suka bayyana cewa manhajar gyaran hoto ta wayoyin Pixel na kamfanin Google tana rubuta hoton da aka gyara a kan tsohon fayil ba tare da ta datse ragowar ba. Wutsiyar tsohon hoton tana nan maƙale a ƙarshen fayil ɗin, har ana iya dawo da babban sashe na abin da aka yanke ko aka shafe. Ba a daɗe ba aka sami irin wannan aibi a manhajar yankan hoto ta Windows. Kamfanonin sun gyara, amma gyaran bai bi hotunan da aka riga aka aika shekara da shekaru ya warkar da su ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta, domin shi ana ajiye shi a jira ranar da za a sami mabuɗinsa. Maganin wannan shi ne a kwashe lambobin ɗigogin kaɗai, bayan an baƙanta, a zuba su a sabon fayil fil, a bar tsohuwar jakar da tarkacenta a gida.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa baƙin akwati muni gare shi, yana kuma sa mutumin kirki ya yi kama da ɓarawon da aka kama. Akwai gaskiya a ciki, musamman ɗan siririn layin nan da akan ja a kan idanu, wanda ya haɗa aibi biyu: ya ɓata mutum, bai kuma ɓoye shi ba, domin duk wanda ya san ka ya san goshinka da haɓarka da hular da kake sawa. Amsata ita ce, in za a rufe a rufe kai duka, a duba riga da agogo da allon da ke bayansa. In kuwa hoton ya lalace har ba ya buguwa, to a bar shi, mujalla ba ta mutuwa don ta rasa hoto ɗaya. Wanda baƙin ne ya dame shi yana iya zuba fari ko toka, lissafin ɗaya ne muddin launi ɗaya ne ya cike wurin ba shara-shara. Na fi son baƙi ne don kowa ya san ma'anarsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa baƙin akwati makamin masu mulki ne, da shi hukumomi ke binne abin kunyarsu, don me ɗalibi, wanda aikinsa neman gaskiya ne, zai koyi sana'ar masu ɓoye ta? Haƙiƙa an yi amfani da shi haka, ana kuma yi. Amma a dubi abin da ke ɗaya gefen. A zamanin Stalin akwai wani sanannen hoto da aka ɗauke shi yana tafiya a bakin magudanar ruwa ta Mosko tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai aka cire shi daga hoton, aka cike gurbinsa da ruwa da bango, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Wancan aiki sai da gwanayen masu gyaran hoto. Yau kuwa, tun daga 2021 da Google ya sa irin wannan magogi a wayoyinsa, wasu kamfanoni suka bi, kowane yaro yana iya share mutum daga hoto na'ura ta ƙago abin da za ta cike wurin. Wannan shi ne abin tsoro, domin ƙarya ce da ba ta bar tabo ba. Baƙin akwati kuwa yana tsaye yana shelar cewa a nan akwai abu, an cire shi, ga girmansa. Ana iya ƙirga shi, ana iya tambayar wanda ya sa shi dalili, ana iya kai shi gaban alƙali. Dokar 'yancin samun bayanai ta Nijeriya ta 2011 ma ta tanadi cewa in wani sashe na takarda ne kaɗai doka ta hana a bayar, to a ba da sauran. Ma'aikacin da ya iya baƙanta layi biyu ba shi da hujjar hana ka shafi ɗari. Saboda haka sanin wannan aiki yana ƙara wa mai neman bayani ƙarfi ne.

Abin da ya rage shi ne wa za a rufe. A nan babu manhajar da za ta yi mana hukunci. A ganina baƙin na mai rauni ne: ɗalibar da ta kai ƙara, yaron da bai balaga ba, majinyacin da ɗaliban likitanci suka ɗauki hoton ƙirjinsa da sunansa a kusurwa, ƙaramin ma'aikacin da ya fito da takarda don ya ga ana cin amana, da wanda ya fito zanga-zanga bai san ana ɗaukarsa ba. Wanda ake zargi ma, muddin ba a tabbatar ba, yana da hakkin kada mu yanke masa hukunci a shafin mujalla. Amma adadin kuɗin da aka kashe da sunan ɗalibai, da sa hannun wanda ya karɓa a matsayinsa na shugaba, waɗannan ba su da rabo a cikin baƙi, ko da shugaban namu ne na Ƙungiya. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wani nauyin tsare su. Ƙungiyar da ke karɓar sunaye da lambobi da hotunan dubban ɗalibai kada ta zaci maganar ba ta shafe ta ba.

Don haka ina kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da hukumar wannan mujalla su mayar da wannan ƙa'ida a rubuce: kada a buga ko a watsa wani hoto da sunan Ƙungiya wanda aka ɓoye wani abu a cikinsa da hazo ko da alƙalamin waya. Ina kuma kira ga 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta, waɗanda kullum suke neman aikin da za su gwada hannunsu, su rubuta mana 'yar ƙaramar manhaja da za ta karɓi hoto, ta bari a ja akwati, ta zuba sifiri, ta fitar da sabon fayil ba tare da aljihu ba. Sharaɗi ɗaya ne: ta yi aikin a cikin wayar ko kwamfutar mai ita. Shafukan intanet da ke cewa ka aiko da hotonka su shafe maka kyauta, ka fara miƙa musu asirin ne kafin su rufe shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Aikin bai fi na mako guda ba ga mutum biyu, kuma ya fi yawancin ayyukan ƙarshen shekara da ke kwance a kabad amfani. In ta samu, a koya wa sababbin ɗalibai a makon karɓarsu, a ware zama na musamman ga 'yan kwamitin da ke karɓar koke-koken ɗalibai mata, domin a hannunsu ne asirin da ya fi kowane tsada yake.

Kafin manhajar ta samu kuwa, duk hoton da za a fitar a ba wani wanda bai ga na asalin ba, a ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tona. Ya ƙure hasken hoton har ƙarshe ya duba ko wani harafi zai leƙo. In takarda ce, ya kwafe rubutun duka ya zuba a sabon shafi. Ya buɗe bayanan fayil ɗin ya ga ko akwai rana da wuri. Sa'an nan ya dubi abin da aka bari a fili, ya tambayi kansa ko ɗan ajinsu zai gane mai wannan rubutun hannu ko mai wannan mayafi. Sai ya dawo ya ce ya kasa, sa'an nan edita ya sa hannu a kai wa maɗaba'a.